Nnewi: Garin Da Tsohon Babur Ke Samun Sabon Batir

Duk mai babur ya san alamun tsufan batir, domin ba sa ɓuya. Da fari ƙaho ne zai shaƙe, ya koma kamar kukan ɗan akuya mai mura. Sa'an nan fitila ta riƙa dushewa duk sa'ad da aka sassauta totur, sigina kuma ta daina ƙyaftawa ta tsaya cik. Daga ƙarshe wata safiya cikin hunturu a danna maɓallin tayarwa, ba abin da za a ji sai 'yar ƙara ƙas-ƙas, dole a koma ga kiki ko turi.

In abin ya kai haka, mai babur yakan nufi rumfar mai kayan gyara, ko a Sabon Garin Kano, ko a Fanteka ta Kaduna, ko a bakin tashar garinsu, ya biya a ɗaura masa sabo. Kaɗan ne ke tambayar inda wannan ɗan akwati ya fito. Amma in aka bi sawun kayan babur da ake sayarwa a ƙasar nan, kaso mai yawa zai kai mutum ga gari guda a Jihar Anambra, watau Nnewi, inda kasuwar Nkwo take. Garin ya cancanci a san shi, domin arzikinsa a kan irin waɗannan ƙananan kaya aka gina shi.

Hanyar Zuwa

Matafiyin da ya taso daga Kano yakan shiga doguwar bas a Sabon Gari da yamma, a kwana ana tafiya. Za a wuce Zariya da Kaduna da Abuja, a haye Kogin Kwara a gadar Murtala Muhammed kafin a shiga Lakwaja. Daga nan sai duwatsun Okene, sai Auchi, sai Agbor. Kafin a kai nan ƙasa ta canja kama: kuka da ƙirya sun ɓace, bishiyoyin kwakwar manja sun rufe hanya dama da hauni, iska ta yi nauyi da laima.

A Asaba sai a sake haye Kwara karo na biyu. Tsohuwar gadar ƙarfe da ke nan an gama ta a 1965, an karya wani sashe nata lokacin yaƙin basasa, aka gyara bayan yaƙi. Ita kaɗai ta ɗauki nauyin zirga-zirga a wannan mashigi shekara da shekaru, sai a 2023 aka buɗe ta biyu a kudu da ita. Da an sauka daga gada an shiga Anaca ke nan, birnin kasuwa mai hayaniya. Daga Anaca zuwa Nnewi bai kai mil 20 ba. Ana bin hanyar Owerri zuwa Oba, daga nan a rabu da ita a nufi garin.

Wannan doguwar hanya ita ce igiyar da ta ɗaure cinikin Arewa da na Gabas. Manyan motoci na gangarowa da shanu da albasa da wake da tumatir, wasu kuma na haurawa da manja da kwalayen kayan gyara. 'Yan kasuwar Arewa da dama ma ba sa zuwa da ƙafarsu. Waya suke bugawa, su tura kuɗi ta banki, a ɗora musu kaya a bas, gobe ko jibi su karɓa a tasha. Mai niyyar zuwa da kansa kuwa gara ya tambayi ranar da ta dace kafin ya taso, domin daga watan Agusta na 2021 an shafe shekaru ana rufe kasuwannin wannan yanki duk ranar Litinin.

Garin Da Mutanensa

Nnewi gari ne mai jar ƙasa, ga ruwan sama mai yawa tun daga Afrilu har Oktoba. Unguwanni huɗu ne suka haɗu suka yi shi, watau Otolo da Uruagu da Umudim da Nnewichi, kowace da shugabanta na gargajiya. Sarkin garin, wanda ake kira Igwe, daga Otolo yake fitowa. Igwe Kenneth Orizu na Uku ya hau karaga a 1963. Daga wannan gidan sarauta ne Dokta Nwafor Orizu ya fito, wanda shi ne Shugaban Majalisar Dattawa kuma muƙaddashin Shugaban Ƙasa a lokacin juyin mulkin Janairun 1966.

Abin da zai fara ba baƙo mamaki shi ne yawan matan da ke tuƙa babur. Malamar makaranta, da mai sayar da kifi, da tsohuwa mai jikoki, kowace na bisa nata, da goyo a baya ko kwandon cefane a gaba, ba wanda ya kula balle ya ɗaga kai. Abu na biyu shi ne manyan gidaje masu benaye da ke laɓe bayan dogayen katangu a lunguna marasa kwalta. In aka tambayi sana'ar masu su, sau da yawa amsar ba ta wuce tayoyi, ko sarƙar babur, ko fulogi, ko batir.

Asalin wannan sana'a sufuri ne. Tun zamanin Turawa mutanen Nnewi suka shiga harkar manyan motoci, babbansu kuwa shi ne Sir Louis Odumegwu Ojukwu, wanda ya rasu a 1966. Ɗansa Chukwuemeka, wanda ya jagoranci Biyafara, a Zungeru aka haife shi a 1933, ya riƙe bataliyar soja a Kano, kuma a Nnewi aka binne shi a 2012. Mai mota ba ya rabuwa da neman kayan gyara, saboda haka yaran masu motoci da 'yan'uwansu suka koma sayar da kayan, suka bazu Ikko da Kano da Jos da Kaduna.

Rikicin 1966 ya koro su gida, yaƙi kuma ya biyo baya daga Yulin 1967. A Amichi, 'yar tafiya kaɗan daga Nnewi, Kanar Olusegun Obasanjo ya sadu da Philip Effiong a Janairun 1970, sa'ad da wutar ta mutu. Mutane suka fito daga yaƙi ba jari, masu ajiya a banki da yawa fam 20 kawai aka ba su. Daga wannan hali ne suka ƙudura cewa wannan karon a gida za su kafa dukiyarsu. Akwai wani kurmi a tsakiyar gari mai suna Agbo Edo, wanda ake tsoron shiga domin na abin bautar gargajiya ne. Da goyon bayan Igwe aka sare shi aka kafa rumfuna. Sunan Nkwo kuwa ɗaya ne daga ranakun kasuwa huɗu na Ibo, watau Eke da Orie da Afo da Nkwo, amma yau cinikin ba ya jiran wata rana.

Sa'a ta zo musu a 1975, sa'ad da aka biya ma'aikata kuɗin Udoji. Malamai da akawuna suka yi ta sayen Honda da Yamaha da Suzuki da Vespa, kowane babur kuwa bayan shekara ɗaya ko biyu zai nemi kayan gyara. Fatakan Nnewi suka fara sarowa daga Japan, daga baya suka riƙa ɗaukar samfur zuwa Taiwan a ƙera musu irinsa da sauƙin kuɗi. Da kuɗin waje ya yi wuya a shekarun 1980, sai wasunsu suka sayo injunan kansu, suka kawo masu koya musu aiki, suka haƙa rijiyoyin burtsatse, suka kafa janaretoci. A 1988 Cletus Ibeto, wanda da yake shigo da batir daga waje, ya kammala masana'antar batirin mota a garin. Innocent Chukwuma, wanda ya fara da yaron kanti, ya shiga haɗa babura har farashin sabo ya sauko, sa'an nan a 2010 aka buɗe masana'antarsa ta motoci mai suna Innoson. Wannan ne ya sa ake wa garin laƙabi da Japan ta Afirka.

Ginshiƙin abin duka shi ne tsarin da suke kira igba boi. Yaro zai zauna hannun ubangida shekara biyar, ko shida, ko bakwai, yana shara, yana ɗaukar kaya, yana haddace lambar kowace kusa da kowane noti. Ranar yaye ubangida zai ba shi jari, wani lokaci har da rumfa. Bahaushen ɗan kasuwa ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin haka ake yi a Kantin Kwari da Kurmi. Bambancin shi ne a Nnewi an mai da shi kamar doka, ubangidan da ya ƙi sallamar yaronsa kuwa ya zubar da mutuncinsa a gari.

A Layin Masu Batir

Kasuwar Nkwo sashe-sashe take. Akwai na kayan mota, akwai na sababbin babura, akwai na kayan babur sababbi da na hannu. Lungunan matsattsu ne, masu baro na ihu a ba su hanya, warin roba da baƙin mai ya cika ko'ina. Baƙon da ya shigo da hula da doguwar riga zai ji ana kiransa Alhaji ta kowace fuska, kuma kada ya yi mamaki in wani dattijo ya gaishe shi da Hausa tsantsa, domin da yawansu a Arewa suka yi ƙuruciya.

A wurin masu batir kwalaye ne jibge har rufi. Yawancin batiran babur daga Sin da Indiya suke zuwa ta jirgin ruwa, kamar yadda su kansu baburan Bajaj da TVS da Jincheng da Haojue daga can suke. A nan ne mai saye zai gane cewa batir biyu na iya zama kwali ɗaya, launi ɗaya, amma kuɗinsu ya sha bamban, kuma akwai dalili.

Abin da ke cikin akwatin bai canja sosai ba tun da wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ya ƙago shi a 1859. Faifan dalma ne jere cikin ruwan asid. Batirin babur na yanzu ɗaki shida gare shi, kowane ɗaki na ba da wuta bolt 2 da ɗan ɗori, a haɗa su a sami bolt 12. Ƙananan baburan shekarun 1970 da yawa masu ɗaki uku ne, watau bolt 6. Duk sa'ad da batir ya ba da wuta, wani farin gishiri yakan kwanta a jikin faifan, in inji ya yi caji sai ya narke ya koma. Amma in aka bar batir ba caji kwana da kwanaki, gishirin sai ya daskare ya ƙi narkewa. Tsufan batir ke nan. Zafin rana na gaggauta shi, girgizar hanya mai ramuka kuma na kakkaɓe faifan. Shi ya sa batirin ɗan acaba a ƙasa mai zafi in ya yi shekara biyu ya yi ƙoƙari.

Tun da dalma ce ke da tsada a cikinsa, mai yin jabu ita yake ragewa. Saboda haka gogaggen mai saye yakan ɗauki batir biyu masu girma ɗaya, ɗaya a kowane hannu, ya auna. Mai nauyin shi ne na ƙwarai. Yakan duba ranar da aka yi shi, domin batirin da aka riga aka zuba wa asid yana tsufa ko yana cikin kwali. Yakan kuma sa a ɗora masa mita. Lafiyayyen batir mai cikakken caji zai nuna bolt 12.6 ko sama kaɗan. In ya nuna 12 ko ƙasa, to ya zube. Masu iya magana sun ce araha ba ta ado, wanda ya guje wa 'yan nairori a nan kuwa kafin damina ta zagayo zai sake biya.

Yadda Ake Canja Shi

Masu gyaran waya da ke zaune a gefen kasuwar ba sa gaggawar yanke wa batir hukunci. Sukan fara tayar da inji su ɗora mita. In wutar da ke shiga ta kai tsakanin bolt 13.5 da 14.5, to caji lafiya lau, laifin na batir ne. In ba ta kai ba, ko ta zarce, to ciwon na wurin kwayil ne ko 'yar na'urar da ke daidaita caji, wadda makanikai ke kira raktifaya. Wanda ya ɗaura sabon batir bai gyara wannan ba, ya zuba ruwa a kwando.

In an tabbata batir ne ya mutu, sai a nemi wanda ya dace da gurbinsa, bolt ɗaya, ƙarfi ɗaya, kawunansa kuma suna fuskantar inda na tsohon suke. Busasshen batir, watau wanda ake sayarwa da kwalbar asid dabam, ana zuba masa ruwan zuwa layin da aka zana, a bar shi ya huta kamar rabin sa'a zuwa sa'a guda, sa'an nan a yi masa caji a hankali kafin a ɗaura. Masu hanzari kan tsallake wannan, ba su san sun rage masa kwana tun ranar farko ba.

Wajen cirewa, a kashe makulli, a fara kwance wayar da ke kan alamar ɗebewa, wadda takan zama baƙa ko koriya, sa'an nan jar waya ta alamar tarawa. Wajen ɗaurawa kuwa sai a juya: ja da fari, baƙa daga baya. Dalili shi ne jikin babur duka a haɗe yake da baƙar waya. In sifana na kan jar waya ta taɓa ƙarfen babur alhali baƙar na ɗaure, tartsatsi zai tashi, fis ya ƙone, wani lokaci ma batir ya fashe, domin iskar da yake fitarwa mai kamawa da wuta ce. Don haka ba a kusantarsa da taba ko ashana. A kankare kawunan su yi haske, a ɗaure tam, a shafa ɗan giris, a tabbata 'yar robar numfashinsa ba ta lanƙwashe ba.

Akwai kuma wani ruɗani da suna ke jawowa. Asid ana ce masa ruwan batir, tataccen ruwan da ake ƙarawa shi ma ruwan batir ake ce masa. In ruwa ya ragu a batir, tataccen ruwa kaɗai ake ƙarawa, domin ruwan ne ke tashi, asid ɗin na nan. Ruwan rijiya ko na famfo kuwa yana ɗauke da gishirin da ke kashe faifai. Batir irin na rufe, wanda ba shi da murafe, ba a buɗe shi sam.

Wasu 'yan acaba kan ce tun da kiki na tayar da babur, batir ado ne. Amma babur mai mataccen batir ƙahonsa ba ya tashi sa'ad da ake bukata, fitilarsa na dushewa a daidai kwana inda aka rage gudu, ga ƙona ƙwai a kai a kai. Mai ɗaukar fasinja da dare a irin wannan hali yana wasa da ransa da na wanda ya goya.

Ina Tsohon Zai Tafi?

A Nkwo ba a yar da tsohon batir, domin kuɗi ne. Akan saye shi a tara, kamar yadda 'yan gwangwan da 'yan jari-bola ke yi a ko'ina cikin ƙasar nan. Daga hannunsu yakan wuce ga dillalai, daga nan zuwa masana'antun narka dalma, waɗanda da yawansu ke Ogijo ta Jihar Ogun, kan hanyar Ikorodu zuwa Shagamu. Dalma ba ta tsufa, ana narka ta a sake yin sabon batir da ita sau da yawa. Haɗarin na wurin yadda ake yin aikin. Inda ake fasa batir da gatari, a tsiyaye asid a ƙasa, a narka faifai a buɗaɗɗen wuri, ƙurar takan shiga gidaje da gonaki da jinin mutane. A 2025, bayan gwaje-gwaje sun nuna dalma mai yawa a jinin mazauna Ogijo, hukumomi sun rufe wasu daga cikin masana'antun.

Mutanen Arewa sun san abin da dalma ke yi. A 2010 yara kimanin 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, saboda ƙurar dutsen zinariya mai haɗe da dalma da ake daka wa a cikin gidaje. A wata unguwa da ke gefen Dakar ta ƙasar Senegal kuwa, yara 18 suka mutu tsakanin 2007 da 2008, kuma a can dalmar tsofaffin batira ce ta yi ɓarnar. Yaron da ya tsira ma sau da yawa yakan tashi da raunin ƙwaƙwalwa wanda ba ya warkewa.

Saboda haka aikin canja batir bai ƙare ba sai an san inda tsohon ya nufa. Kada a ajiye shi a zaure ko bayan ɗaki inda yara za su mai da shi abin wasa. Kada a fasa shi don neman dalmar ƙugiyar kamun kifi, kada kuma a tsiyaye ruwansa a kwata. A miƙa shi ga mai saye a rufe yadda yake, a wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci. Matasan da ke sana'ar tara shi, waɗanda da yawansu 'yan Arewa ne, su ne suka fi bukatar a faɗa musu wannan, kuma wajibi ne shugabannin ƙungiyoyinsu da hukumomin tsabtace muhalli su tsaya a kan abin.

Da la'asar kasuwar Nkwo takan fara watsewa. Yaran kanti na ja da ƙofofin ƙarfe, mata na tayar da baburansu, masu baro na tura kwalaye zuwa tasha, an rubuta wa kowanne sunan garin da za shi: Kano, Sakkwato, Maiduguri, Yola. Baƙon da zai kwana sai ya nemi sakwarar rogo da miyar shuwaka, wadda suke kira onugbu, ko kuwa ya bi ƙanshin tsire ya iske 'yan'uwansa a bakin titi. Wanda ya ga garin da idonsa zai koma da abin tunani. Mutanen da suka fito daga yaƙi hannu wofi sun tayar da masana'antu ne ta hanyar sanin ƙaramin abu ciki da bai, da kuma koya wa na baya. Ga dubban matasa a Arewa da ke hawan babur kullum don neman abinci, ga rumfunan gyara a kowane lungu. Abin da ya rage shi ne masu hali su dubi wannan kasuwa da ke ƙofar gidansu, su yi tunanin abin da za a iya ƙerawa a Kano da Kaduna.